Aljani cikin sansanin soja: yana ƙara wa labarin yaƙi armashi ko yana ɓata tarihi?

Dan_Bilbis:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Akwai salon ƙagaggen labari da ke ƙara samun masu karatu: a ɗauki yaƙi na gaskiya, da ranakunsa da makamansa, sai a shigo da abin da ba ɗan Adam ba cikin sansanin soja. Runduna tana raguwa mutum ɗaya kowane dare ba a ji harbi ba, ko a tarar da mai gadi tsaye a wurinsa ya sandare. Yawancinsu a kan yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ne, cikin ramukan Turai. A ganina ƙasarmu Nijar ta fi su kayan aiki, ayarin sojan Faransa na 1899 da hafsoshi Voulet da Chanoine suka jagoranta kaɗai ya isa. Tambayata biyu ce. Mi ke sa wani littafin ya hana mutum barci, wani kuma ya zama abin dariya? Sannan ya dace a yi wa tarihin da jinin kakanninmu ya zuba cikinsa irin wannan ado?

Mushe_Adar:
Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ta farko. Aljanin ba shi ke ba da tsoro ba, lissafi ke ba da shi. In marubuci bai san abin da ayarin nan ke ci da sha ba, mai karatu ba zai yarda da dodonsa ba.

Ga misali. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wajen kilomita 160, ta bar wa Ingila abin da ke ciki. Ma'ana ayarin da ya taso daga bakin Kwara zuwa tafkin Chadi sai ya zagaya ta arewa, inda rijiyoyi ke da nisa da zurfi. Shi ya sa Voulet ya yi ta kutsawa cikin bakan, Birnin Ƙonni ma lokacin tana ciki. Yanzu ɗauki biro. A ce mutum 1000, kowa lita 5 a yini cikin bazara, lita 5000 ke nan, ba a sa dawaki ba, alhali doki guda yana shan lita 30 ko fiye. Guga mai lita 10, rijiya mai zurfi, minti 3 kowane ja: lita 200 a awa. Awa 25 kafin mutane kaɗai su sha, in rijiyar ba ta ƙafe ba, kuma za ta ƙafe. To wa ke sha farko? Nasara, sai soji, sai dawaki, ƴan dako a ƙarshe. Marubucin da ya zaunar da mai karatu a bakin rijiyar nan tsakar dare, layi bai ƙare ba, gugan ya fara fitowa da laka, in ya ce sai aka ji ana jan igiyar daga ƙasa, an gama.

Hadiza_Karatu:
Mushe, wallahi wannan igiyar ta fi dodo goma masu jajayen idanu.

Tsohon_Kafaran:
Ina bayan Mushe, kuma ina ƙara maganar bindiga, don nan marubutanmu ke yawan faɗuwa. Sai ka ga an ce sojan 1899 "ya buɗe wuta ba ƙaƙƙautawa". Da mi? Bindigar da ta fi yawa hannun baƙaƙen sojin Faransa a nan lokacin ita ce Gras, samfurin 1874, baki milimita 11. Harsashi ɗaya take ci: ka ja makulli baya, kwanso ya fita, ka sa wani, ka rufe, ka harba. Baƙin albarushi take aiki da shi, saboda haka in layi ya yi harbi biyu ko uku tare, farin hayaƙi ya rufe gabansu, in ba iska ba su ganin taku ashirin. Hayaƙin yana warin farar wuta kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Bayan harbi da yawa dauɗar albarushi ta taru cikin bututu, ƙarfe ya yi zafi, kwanso ya maƙale, sai an sa sandar shara ta baki an turo shi. Wanke ta kuma da ruwa ake yi, a goge, a sa mai. Ku koma ga lissafin Mushe: ruwan da ba a samu na sha ba, wa zai ba ka na wanke bindiga?

Lebel ta 1886 dabam ce: milimita 8, albarushinta ba ya hayaƙi sosai, harsashi 8 ke shiga bututun da ke ƙarƙashin bakinta, amma ɗaya bayan ɗaya ake ɗura su. In ta ƙare cikin duhu, da hannu yana rawa, ɗurin yana ɗaukar lokacin da abin da ke zuwa zai iso. Waɗannan daƙiƙun su ne dukiyar marubuci.

Zango kuma ba a yin shi barkatai. Murabba'i ake yi, a kewaye da shingen ƙaya, kaya da ƴan dako a tsakiya, sau da yawa ɗaure da igiya don kada su gudu. Masu gadi a kusurwoyi, ana canza su bayan awa biyu, kafaran ke kai sabo ya ɗauko tsoho. Saboda haka in mai gadi ya ɓace, akwai wanda za a tambaya, akwai lokacin da aka gan shi ƙarshe.

Ba'are_na_Dutsi:
Ku dakata haka nan. Ni tambaya ta biyu ta dame ni. Kisan gillar da ayarin ya yi a Ƙonni farkon watan Mayu na 1899, da Sansane Hausa a Janairu, da garuruwan da anka ƙone tsakani, mutane sunka yi shi da hankalinsu. In ka rubuta cewa wani iska ya shiga kan Voulet, ka wanke shi ke nan. Wannan ita ce hujjar da wasu a Faransa sunka kawo tun lokacin, wai zafin rana da zazzaɓin Afirka sunka taɓa mishi ƙwaƙwalwa. Mutumen da ya riga ya yi irin wanga aiki a ƙasar Mosi, ya ci Wagadugu a 1896, anka yaba mishi, anka ƙara mishi girma. Ba hauka ba ne, sana'a ce. Kada mu ɗauko hujjarsu mu sa mata rawani.

Hadiza_Karatu:
Yaya Ba'are, gaskiyarka, amma wannan laifin mugun littafi ne, ba na salon ba. Akwai hanya biyu. Ta farko, aljani ya sa su kisa: wannan ƙarya ce kuma cin amana. Ta biyu, kisan ne ya tada abin. Su suka cika rijiya da gawa, su suka sare itacen da ba a sarewa don su yi shinge, abin ya biyo su. A ta biyun laifi yana nan inda yake, kuma abin tsoron ya zama shaida, ba uzuri ba.

Dubi ma yadda tarihin ya tsara kansa. Wasiƙar Laftanan Péteau ta tona asiri a Faransa, aka turo Laftanan-Kanar Klobb ya bi sawunsu. Makonni yana tafiya bai ga ayarin ba, sai abin da suka bari: toka, rijiyoyi masu wari, gawarwaki a rassan itace. Kullum sawun yana ƙara zama sabo. Ran 14 ga Yuli ya cim musu a Dankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Wane dodo za ka ƙirƙira da ya fi mutumin da ke ƙarshen wannan sawun?

Babarbare_Zango:
Ba'are na tsoro kada a ce Sarauniyar Lugu ba da ƙarfin damtse ta yi faɗa da ayarin Voulet ba, da tsafi ne. Tobashina, kwantar da hankalinka.

Ba'are_na_Dutsi:
Kai Babarbare, ku da kunka kashe hafsan Faransa Cazemajou a 1898 kuna murna, shekara na zagayowa anka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini. Bar ni in yi magana da manya.

Tunda ka kawo Lugu, ga abin da marubuci ya kamata ya rarrabe. Faɗan an yi shi ran 16 ga Afrilu 1899. Maharba ba su tsaya fili ba, kurmi sunka shiga, inda nisan bindiga ba ya da amfani, kibiya kuwa tana isa. Sojin sun ɓarnatar da harsasai dubbai, sun yi asarar mutane, sun shiga gari, mutanen gari sun janye cikin daji. Yawancin abin da yara ke faɗi yau game da Sarauniya Mangu daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 ya fito, shi kuwa ƙagaggen labari ne, ba rahoto ba. Wanda zai rubuta sabo ya koma ga abin da Lugu da Bagaji ke riƙe da shi: dutsen Tunguma da ake kai wa shari'a, da tarkama, inda ake ɗaukar gawar mai sarauta ta nuna magaji. Amma da ladabi, don masu wannan gado suna nan da ransu.

Likitan_Keita:
Wani abin da ke sa littafi ya yi kyau shi ne kowane abin al'ajabi ya zama yana da fassara biyu, ta likitan ayari da ta ɗan dako, kuma kowace ta tsaya da ƙafarta. Cututtukan zamanin sun isa.

Dafin kibiya: tushensa ƴaƴan kwankwani ne, kuma zuciya yake kamawa. Raunin yana iya zama ƙarami kamar ƙarcewar ƙaya a bayan kafaɗa, mutum ya ci gaba da tafiya, sai amai, jiri, bugun zuciya ya rikice, ya faɗi. Cikin duhu abokansa ba za su ga jini ba.

Dundumi: wanda ya daɗe bai ci mai, nono, hanta ko ɗanyen ganye ba, da rana garau yake gani, da magariba ya makance. Sa shi gadi. Ba zai faɗa wa kafaran ba don tsoron bulala.

Kurkunu: ka sha ruwan tabki bana, sai bayan wata goma zuwa shekara ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, farin zare ya leƙo, tsawonsa yana kai mita guda. Ana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan kullum, makonni, in ya tsinke ƙafar ta kumbura ta ruɓe. Kuskuren da za a kiyaye: sojan da ya sha ruwa jiya ba zai fitar da kurkunu yau ba, wanda ya taho da shi daga baya ne.

Sanƙarau kuma na rani ne, lokacin ƙura da zafi, wuya ya sandare, mutum ya yi ta sambatu, kwana ɗaya ko biyu ya tafi. In ruwan sama ya sauka yana ja da baya. Wanda ya sa annobarsa tsakiyar Agusta ya nuna bai san ƙasar ba.

Malam_Wadata:
Allah ya saka da alheri. Gyara ɗaya daga ɓangaren addini, ba don in hana kowa karatu ba. Fatalwa irin ta Nasara, matacce ya dawo yana yawo cikin kayan soja, ba ta da gindi a aƙidarmu, mamaci yana barzahu. Aljanu kuwa Alƙur'ani ya tabbatar da su, sura ta 72 sukutum a kansu take. Ayarta ta 6 ta ambaci mazaje daga mutane da ke neman tsari da mazaje daga aljanu, sai suka ƙara musu wahala. Masu tafsiri sun ce matafiyi ne a jahiliyya, in dare ya yi masa a kwari, sai ya nemi tsarin shugaban aljanun kwarin. Ga labarin yaƙi nan a shirye: sojan da tsoro ya sa ya nemi kariya inda bai kamata ba, ya samu, sannan aka zo karɓar bashi. Sharaɗi dai kada littafin ya zama makarantar tsafi, kuma kada a nuna wani yana da iko da rai ban da Allah.

Goge_da_Ƙwarya:
Malam ya yi daidai, kuma ko ta fuskar adabi fatalwar Turai ba ta kama mu. Abin da ke kashe littattafan nan shi ne a zuba komi tukunya ɗaya: maye, ɗan bori, aljani, duk abu guda. Kowane da dokarsa.

Maye mutum ne, cikin ayarin yake, yana cin tuwo da ku. Kurwa yake kamawa, wanda aka kama ya yi ta ramewa yana kiran suna, maganin kuma a tilasta mayen ya ƙetare shi. Wannan ya dace da labarin zargi, inda soji ke kallon juna.

Iskar bori ba ta zuwa haka kawai. Tana da kiɗanta, da kirarinta, da launin tufafinta, da dabbar da ake yanka mata. Ta hau dokinta ko goɗiyarta, ta yi magana, ta sauka da atishawa. Doguwa tana da mazauni, tsamiya ko kuka ko wani dutse, kuma hannunta sananne ne, shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ake cewa shan inna. Ba ta bin mutum sai da dalili: an taɓa gidanta ko an ci alkawarinta.

Kayan yaƙi su ma kowane da aikinsa. Maganin ƙarfe don kada kaifi ya ci, kau-da-bara don saiti ya kauce, sagau don hannun mai sara ya sage, layar zana da baduhu don ɓacewa. Kowane yana da abin da ke karya shi. Marubuci ya faɗi sharaɗin tun farkon littafi, ya bar mai karatu yana jiran ranar da za a taka shi.

Amma babbar taskar da ba a taɓa ba ita ce Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka. Wajen 1925 suka bayyana a ƙasar Filinge, ta bakin wata mata, Shibo. Iskoki ne masu siffar sojan Nasara: suna fareti, suna sara wa juna, suna kumfar baki, suna goga wuta a jiki. Kumandan Croccichia ya kama su ya kulle a Yamai, daga baya shi kansa ya zama iska cikinsu, Kumandan Mugu. Akwai Kafaran Gardi, akwai Lokotoro likita. Wato talakawanmu sun riga kowane marubuci haɗa tarihin soja da abin tsoro, shekara ɗari da suka wuce.

Ba'are_na_Dutsi:
To wannan na yarda da shi, don a nan Nasaran ne dodon, ba wanda dodo ya kama ba.

Zara_Yantala:
Kun manne wa 1899. Ga mai son labarin wuri rufaffe, kewayen Agadas ya fi. Kawsan, jagoran yaƙin Abzinawa, ya tsare sojin Faransa cikin barikinsu daga Disamba 1916 har 3 ga Maris 1917, wajen kwana 80, cikin sanyin Ayar, yana da igwa da ya samo ta wajen Sanusiyya. Mutane ƙidayayyu, abinci ƙidayayye, ba mai fita. Kuma ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba. Abin da ya biyo bayan isowar ayarin ceto daga Damagaram, kisan malaman garin, ya koma kan maganar Ba'are: nan ma ba aljani ya yi ba.

Ko a bi namu zuwa Turai. Ran 16 ga Afrilu 1917, shekara 18 cif bayan Lugu, aka tura bataliyoyin baƙaƙen soji hari a Chemin des Dames ta ƙasar Faransa cikin ruwa da ƙanƙara, yatsu sun daskare har wasu ba su iya sarrafa bindiga. Ka ɗauki yaron Adar da bai taɓa ganin ƙanƙara na zuba kamar gari ba, ka sa shi can.

Tsohon_Kafaran:
Hajiya Zara, in za a je can a kula da iskar guba, don kowace da halinta. Kulorin da aka fara saki a Ypres ta ƙasar Beljiyam ran 22 ga Afrilu 1915 ana ganinta, gajimare ne kore-rawaya mai bin ƙasa, ya fi iska nauyi, yana gangarawa cikin rami. Wanda ya kwanta ƙasan rami ya fi wanda ya tsaya shaƙa. Ta 1917 mai warin tafarnuwa kuwa ba ta nuna kanta nan take, sai bayan awoyi ido ya rufe, fata ta yi bororo, kuma tana kwana cikin laka da tufafi. Mutum ya kwanta lafiya ya tashi makaho. A kula kuma, da hunturu akan janye sojinmu zuwa sansanonin kudancin Faransa kamar Fréjus, saboda haka kada a sa su ramin arewa a Janairu ba dalili.

Mushe_Adar:
Ƙananan abubuwan da ke tona marubuci: sojin Voulet yawancinsu Bambaranci suke ji, ba Hausa ba, sai da tafinta, kuma tafinta yana iya rage magana ko ya ƙara. Kuɗi wuri ne. Wuta da ƙyastu ake yi a ƙauye. Agogo sai aljihun Nasara, saura da taurari suke aiki, fitowar Gamzaki ita ce kusan asuba. Kada a sa babban birni Yamai, sai 1926 aka maido shi daga Damagaram. Wata ma a lissafa shi: 16 ga Afrilu 1899 ta faɗo farkon Zulhajji 1316, wata ɗan kwana biyar ko shida, yana faɗuwa kafin tsakar dare. Wanda ya rubuta farin wata fes har asuba a daren Lugu ya yi kuskure, kuma ya yi asarar rabin dare na baƙin duhu. Sallar layya saura ƴan kwanaki, Musulmin da ke cikin ayarin sun san da haka.

Mai neman tarihin baka ya nufi cibiyoyin bincike na IRSH ko CELHTO a Yamai, rahotannin kumandodi kuma ma'ajiyar takardun ƙasa.

Hadiza_Karatu:
Ba wanda ya ambaci kaburburan Maijirgi. A 1923 wani jami'in mulkin mallaka a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka buɗe kaburburan Voulet da Chanoine, aka tarar ba kowa ciki. Daga nan jita-jita ta bazu cewa ba su mutu ba.

Likitan_Keita:
Kabari marar zurfi da aka haƙa cikin gaggawa da damina, a dajin da kuraye ke yawo, shekara 24. Ba sai an nemi aljani ba.

Goge_da_Ƙwarya:
Likita, kura tana tone kabari ta maida ƙasa ta gyara?

Dan_Bilbis:
Ku biyun nan kun rubuta babin ƙarshe ba ku sani ba. Sai dai har yanzu ban ji matsaya kan abu ɗaya ba: a nuna abin ƙuru-ƙuru, ko a bar shi bayan shingen ƙaya har littafi ya ƙare?

Zara_Yantala:
Sau ɗaya, kusa da ƙarshe, ta idon wanda ba za a yarda da shaidarsa ba. Mai dundumin nan na Likita.

Ba'are_na_Dutsi:
Ni ko sau ɗaya ban so. Amma wa ke ba da labarin? In ta bakin Klobb ne, mun koma kallon ƙasarmu da idon baƙo. A ba ɗan dakon da anka kamo a Matankari, wanda ya san sunan kowane gari da sunka ƙone, kuma ya san wane itace ne ba a sarewa.

Tsohon_Kafaran:
In ɗan dako ne, a tuna kayan kansa wajen kilo 25 ne, kuma da igiya a wuya ba ya iya waiwayawa sai na gabansa da na bayansa sun ji. Duk abin da ke bin ayarin, da kunne zai san shi.